A Auna Dalmar da ke Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, da Mai Martaba Sarkin Zazzau, da shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, da shugaban hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA.

Mun rubuto ne da roƙo guda ɗaya, sauran maganar duk bayaninsa ne: a turo masana su auna yawan dalmar da ke cikin ƙasar garuruwanmu da ruwan rijiyoyinmu da jinin ƙananan yaranmu, a kuma faɗa mana abin da aka samu. Ba mu zo da labarin annoba ba, kuma ba ma fatan zuwa da shi. Abin da ya sa muka ɗaga murya tun yanzu shi ne ita wannan guba ba ta sallama idan za ta shiga gida, kuma a wuraren da ta yi ɓarna a ƙasar nan sai da aka fara haƙa kaburbura kafin a san sunanta.

Ranka ya daɗe, da yawa daga cikinmu idan an ce gubar dalma, Zamfara ce ke faɗo musu a rai, su ce ai wannan matsalar masu haƙar zinariya ce, mu kuwa manoman rake da tumatir da barkono ne. Amma akwai wata dalmar da ta riga ta Zamfara isowa, ta kuma bi kowace hanyar mota a ƙasar nan shekara da shekaru. A cikin man fetur take.

A watan Disamba na 1921, wani injiniya mai suna Thomas Midgley da ke aiki da kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa idan aka ɗiga wani sinadari kaɗan a cikin fetur, inji yakan daina ƙwanƙwasar nan da ke cinye masa ƙarfi. Sunan sinadarin tetra'etil na dalma. Yadda aka gina shi yana da muhimmanci, domin a nan sharrinsa yake. Ƙwayar dalma ɗaya ce a tsakiya, an ɗaura mata rassa huɗu na kabon da haidirojin, irin kayan da aka gina fetur da kitse da su. Dalmar da muka sani ƙarfe ce mai nauyi, mai laushi, tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba, kuma in ka riƙe ta a hannu ba za ta ratsa fata ba. Amma da zarar an yi mata waɗannan rassa sai ta koma ruwa mai maiƙo, marar launi, wanda ba ya haɗuwa da ruwan sha amma yana narkewa cikin mai da kitse. Ke nan tana ratsa fatar mutum, tana bin numfashi idan ta yi tururi. In ta isa hanta, hanta ta cire reshe ɗaya, sai ta zama mai rassa uku, wadda ita ce ke wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, domin ita ƙwaƙwalwa tana da kitse da yawa.

Ba a jima ba aka ga aikinta. An fara sayar da man a garin Dayton a watan Fabrairun 1923. A watan Oktoban 1924, a matatar Bayway da ke jihar New Jersey, ma'aikata biyar suka mutu bayan sun haukace, wasu da dama aka kwantar da su suna gane-gane suna fisge-fisge. Duk da haka ba a fasa ba. Masu kamfanin ma sun yi dabarar sa wa hajarsu suna Ethyl kawai, don kada mai saye ya ji kalmar dalma. Sai a farkon 1996 Amurka ta haramta shi baki ɗaya ga motocin da ke bisa titi. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka kammala daina sayar da shi zuwa farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Har gobe kuwa akwai shi a cikin man ƙananan jiragen sama masu injin fistin.

To ina dalmar da aka ƙona duk waɗannan shekaru ta tafi? Babu inda ta je. A cikin inji zafi yana ƙone rassan, ya bar ƙwayar dalmar, wadda ba ta ƙonewa. Don kada ta daskare a jikin fulogi da bawul, masu haɗa man sukan ƙara wasu sinadarai na buromin da kulorin da za su kwashe ta su fitar da ita ta salansa a matsayin ƙura mai laushi. Mafi yawanta ta fita ta nan, ta sauka a gefen hanya, ta zauna a saman ƙasa, kaurin 'yan yatsu. Saura ta tsaya a cikin baƙin mai da dattin inji, wanda makanikai suka zubar a bayan gareji. A shekarun 1990 ana lissafa fetur ɗin Nijeriya cikin masu yawan dalma, sama da rabin giram a kowace lita. Motar da ta sha lita hamsin ta watsar da mafi yawan dalmar da ke ciki, wadda ta haura giram ashirin da biyar, kafin ta sake komawa gidan mai. A auna wannan da yawan motocin da suka bi hanyar Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari, da waɗanda suka yi lodin rake a Maƙarfi da Hunƙuyi, da na tumatir a Ikara, tun daga zamanin da mota ta zama abin hawan kowa har zuwa lokacin da aka daina zuba sinadarin. Maganin feshi yakan lalace a ƙasa bayan wasu watanni ko shekaru. Dalma ba ta ruɓewa, sai dai ruwa ya ja ta zuwa fadama ko iskar hunturu ta ɗaga ta ta kai tsakar gida.

Akwai kuma wadda ba ta shiga inji ba sam, wato man da ya zube ɗanye. Shi wannan, rana da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sukan yi ta cire masa rassa ɗaya bayan ɗaya har ya koma dalma tsura. Matsalar tana tsakiyar tafiyar: mai rassa uku da mai rassa biyu suna narkewa a ruwa, saboda haka suna iya bin jijiyar ruwa su isa rijiya. Shi ya sa muke roƙon a ba tsofaffin gidajen mai kulawa ta musamman, musamman waɗanda aka rufe aka bar tankunansu a binne, gari ya zo ya kewaye su, aka haƙa rijiyoyi da burtsatse a maƙwabtansu. Laka da ke kwance a gindin irin wannan tanki ba abin da za a bar wa 'yan gwangwan su haƙo su yanka da wuta ba ne.

Wanda ya taɓa zama a garejin makanikai kafin shekarar 2000 ya san sauran labarin. Yaron gareji zai sa tiyo a tanki ya zuƙa da baki har man ya taho, ya tofar da wanda ya shiga bakinsa, ya goge da hannun riga. In an tashi aiki, da fetur ake wanke kabureta, da shi ake wanke hannu har gwiwa, sannan a zauna a ci abinci. Haka 'yan bumburutu ke yini cikin tururinsa suna ɗura kwalabe. Babu wanda ya gaya musu abin da ke ciki. Waɗannan yara yau su ne magidanta masu shekara arba'in zuwa sittin, kuma dalmar da ta shiga jiki takan tare a ƙashi ta yi shekaru gommai, tana taimaka wa hawan jini da ciwon ƙoda. A jikin mace kuwa, lokacin goyon ciki ƙashi yakan sake ta ta koma jini, ta isa ga ɗan tayi.

Ba zato muke yi a kan jiharmu ba. A 1997, Farfesa Jerome Nriagu da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan yara 'yan shekara ɗaya zuwa shida a cikin garin Kaduna, suka samu matsakaicin dalma a jininsu ya kai maikirogiram 10.6 a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa da zarar yaro ya kai 5 a nemo inda dalmar ke fitowa a raba shi da ita, kuma ta ce babu wani adadi da za a kira shi marar illa. Matsakaicin yaron Kaduna na wancan lokaci ya ninka wannan iyaka. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, ballantana yaron da ke fama da ƙarancin jini ko bai ƙoshi ba. Ga shi kuma shi ne mai rarrafe, mai kai hannu baki.

Da a ce tsohuwar dalmar fetur ce kaɗai, da sai mu ce kullum raguwa take yi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sabuwar da ke shigowa, kuma babbar ƙofarta batir ce. Rashin wutar lantarki ya sa sola ta shiga shaguna da masallatai da gidaje, ga babura da Keke Napep da motoci, kowanne da batirinsa, kuma fiye da rabin nauyin irin wannan batir dalma ce. In ya mutu, mai saye yana nan. Mun ga yadda ake yi: a kifa shi ruwan batir ya tsiyaye a ƙasa, a sara murfin da gatari ko adda, a zaro farantan nan masu toka-toka a jibge. Garin da ke zuba daga jikinsu, mai kama da toka ko jar ƙasa, shi ne mafi haɗari, kuma shi ne ba wanda ya damu da shi domin ba ya hawa sikeli. Wani zai ɗora farantan a kan gawayi cikin tsohon kwano ya narka, hayaƙin ya bi unguwa. Kaji su yi tono a wurin, yara su zo tsintar roba. Mai aikin ya koma gida da kayan jikinsa, ƙaramin ɗansa ya tarye shi ya rungume ƙafarsa.

Irin wannan sana'a ce ta kashe yara 18 a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Iyayensu mata ne ke tankaɗe ƙasar da aka daɗe ana fasa batir a kanta don su tsinci dalma su sayar, goye da 'ya'yansu. Ba mahaƙar zinariya a wurin ko ɗaya.

Na Zamfara kuwa kowa ya ji, amma akwai darasi a cikin yadda abin ya faru da ya kamata ma'aikatan lafiyarmu su riƙe. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, da amai da ciwon ciki da jijjiga. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Sai da aka aika jini waje aka gano dalma ce daga dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Jinin da yawa daga cikin waɗanda aka gwada ya wuce 65, iyakar abin da na'urar hannu ke iya karantawa. Sannan likitoci suka ce ba amfanin ba yaro maganin da ke fitar da dalma matuƙar zai koma ya kwanta a ƙasar da ta ba shi ita, sai an kankare saman ƙasar gida-gida an zuba sabuwa. Garin Bagega ya jira wannan aiki har 2013 saboda kuɗin bai fito ba. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da zinariya a Birnin Gwari, kuma matashin da ya je neman kuɗi mahaƙa, ko a wace jiha ce, yakan dawo gida da ƙurar wurin a takalminsa da jakarsa.

Wannan mai kisa ke nan, wanda ake gani. Wanda ya fi yawa ba ya kwantar da yaro. Sai dai a ga ya cika fushi, ba ya cin abinci, yana yawan ciwon ciki, an sa shi makaranta karatu ba ya zama. Malam ya ce daƙiƙi ne, uwa ta ce ko an yi masa baki ne, a yi ta rubutu da hayaƙi. Abin da dalma ta rage a ƙwaƙwalwar yaro ba ya dawowa. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai 5 ko ta wuce. Gwamnatin da ke kashe kuɗi wajen gina azuzuwa da ɗaukar malamai tana da haƙƙin sanin ko akwai abin da ke zubar mata da wannan wahala ta ƙasa.

Allah ya ja zamanin Sarki, akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin takardar gwamnati, sai bakin iyayen ƙasa da malamai. Kwallin gargajiya, mai ƙyalli da ake saye dutse-dutse a daka, sau da yawa dutsen dalma ne da kibiritu. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Jariri yakan murza ido ya tsotsi hannu. Mun san wannan magana tana da nauyi, domin kakanninmu sun sa mana, kuma mutane na sa shi da niyyar sunna. Ba cewa muke a bar kwalli ba. A auna wanda ke kasuwanninmu, a nuna wa mata wanda ba shi da dalma, malamai su yi bayani a wa'azi, ungozomomi su ji daga bakin hakimai da dagatai. Haka tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, wanda wani lokaci har da sassan inji da lagireto a ciki, da fentin mai mai launin rawaya da ja da ake shafa wa ƙofofi da tagogin makarantu. Dukkansu ana iya gane mai dalma cikin daƙiƙoƙi da na'urar hannu.

Kuma ba sai an je Turai neman masu aunawa ba, abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwar rubutowa ke nan. Zariya na nan kusa da mu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen kimiyyar sinadarai da cibiyar binciken makamashi, ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru da ta san ƙasar yankin nan ciki da bai, ga cibiyar NARICT a Basawa, ga asibitin koyarwa a Shika. A Maƙarfi kanta akwai makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris, wadda ɗalibanta ke neman inda za su yi aikin gwaji. Abin da ya rage shi ne umarni da ɗan kuɗin mota da kayan aiki. A fara da wuraren da hankali ya fi nunawa: tashoshin mota, garejoji, wuraren 'yan gwangwan da masu cajin batir, tsofaffin gidajen mai da rijiyoyin da ke kusa da su, filayen makarantun firamare da na allo da ke bakin titi, da fadamun da ruwan gari ke gangarawa cikinsu. Gwajin jinin yaro kuwa ɗigo ne daga ɗan yatsa, sakamako ya fito cikin 'yan mintoci. In aka ajiye na'ura ɗaya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, aka koya wa ma'aikata su tuna da dalma duk lokacin da yaro ya zo da jijjigar da ta ƙi jin maganin zazzaɓi, an yi rabin aikin.

Za a samu masu cewa wannan tone-tone zai ɓata wa amfanin gonarmu suna. Mu ma manoma ne ko 'ya'yan manoma, ba za mu so a guji tumatirin Ikara ko mazarƙwailar Maƙarfi ko inabin Kudan ba. Amma a iya sanin masana, 'ya'yan itace irin tumatir ba su cika jan dalma ta saiwa ba. Inda take kama kayan abinci shi ne ƙurar da ke sauka a kan ganye kamar alayyafo da latas, da kayan da ake shanyawa a ƙasa. Barkono da kauɗar tumatir da ake bazawa a gefen kwalta, motoci na wucewa suna tayar da ƙura a kansu, su ne abin dubawa, kuma maganinsu bai wuce dandamalin siminti ko tamfol nesa da titi ba, abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi wa ƙungiyoyin manoma. Ranar da wani kamfani ko mai fitar da kaya waje ya auna da kansa ya dawo mana da lodi, asarar za ta fi haka, kuma a lokacin ba mu da takardar da za mu kare kanmu da ita.

Game da masu sana'ar batir, muna roƙon kada a fara da kame. In aka kore su daga bakin kasuwa, cikin gidaje za su koma da aikin, inda mata da yara suke, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya kashe yaran Zamfara da na Dakar. A yi musu rajista ta hannun shugabanninsu, a ware musu wuri mai daɓen siminti da rufi a bayan gari, nesa da rijiya da makaranta, a hana fasawa da narkawa, a haɗa su da kamfanonin da hukumar NESREA ta ba lasisi su riƙa sayen batir ɗungurungum da ruwansa a ciki. Farashin ne zai yanke hukunci: muddin fasasshen batir ya fi cikakke kuɗi a hannun dillali, gatari ba zai huta ba. Masu sayar da kayan sola su ma a ɗora musu karɓar tsohon batir duk lokacin da suka sayar da sabo.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne kada sakamakon ya tsaya a cikin fayil a Kaduna. A karanta shi da Hausa a rediyo, a kai kwafi fadar kowane hakimi, a gaya wa mai unguwa wace rijiya ce za a daina sha, wane fili ne za a kankare a zuba sabuwar ƙasa, wane ne kuma lafiyarsa lau. Inda aka samu yaro da dalma mai yawa, a bi shi har gida a gano inda take fitowa kafin a sallame shi. Lokacin da ya fi dacewa da ɗibar samfurin ƙasa shi ne rani, sa'ad da ƙura ta fi tashi kuma hanyoyin ƙauyuka ke biyuwa, don haka muna fatan a sa wannan aiki a kasafin kuɗin da ke tafe, a kuma sanar da shugabannin ƙananan hukumomin uku ranar da masu aunawa za su iso, domin mu tanadi waɗanda za su zaga da su.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Daga wasu 'ya'yanku na Ikara, Maƙarfi da Kudan.